Man Motar Ɗan Majalisa: Wa Ke Biya, Wa Ke Ƙirga Litar?

A watan Agustan 2024, cikin mako guda, 'yan Najeriya suka ji lissafi iri biyu a kan abin da sanata yake karɓa. Hukumar RMAFC, wadda tsarin mulki ya ɗora wa alhakin yanka wa masu muƙaman siyasa albashi da alawus, ta fito ta bakin shugabanta, Mohammed Bello Shehu, ta ce duk abin da sanata ke samu a wata naira 1,063,860 ne. A cikin wannan, an ware naira 126,650 domin shan mai da gyaran mota. Ba a jima ba Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa albashinsa dai bai wuce wajen naira miliyan ɗaya ba, amma akwai wani kuɗi na tafiyar da ofis da ke shigo masa duk wata, naira miliyan 21, wanda a cikinsa ake yin tafiye-tafiye da sauran hidindimu. Dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Kowa ya faɗi ɓangaren da ya sani ne, kuma a tsakanin lissafin nan biyu ne maganar man motar ɗan siyasa ta ɓace wa jama'a.

Zan fara da abin da mutane da yawa ba sa son ji idan rai ya ɓaci: daidai ne a biya wa wakilin jama'a kuɗin man da ya ƙona a kan aikin jama'a. Idan aka ce kowa ya sha mai daga aljihunsa, to an rufe ƙofar majalisa ga malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa, an bar ta ga mai dukiya da kuma wanda ke da uban gida mai ɗaukar masa nauyi, wanda daga baya zai zo ya karɓi ladan ɗawainiyarsa ta wata hanya. Wakilin da ba ya iya zuwa mazaɓarsa sai lokacin zaɓe ba shi da amfani ga waɗanda suka tura shi. Saboda haka ba biyan ne abin tuhuma ba. Abin dubawa shi ne yadda ake biyan, da ko akwai wanda zai iya bin sawun kuɗin ya ga cewa tafiyar da aka biya an yi ta, kuma ta aiki ce.

Ƙasashen da suke biyan irin wannan kuɗi ba su wuce hanyoyi kaɗan ba. Wasu na cewa ka sha mai, ka kawo rasit, a mayar maka. Wasu ba ruwansu da rasit ɗin gidan mai, nisan tafiya suke ƙirgawa su biya wani abu a kan kowane mil ko kilomita. Wasu kuma suna yanka wani adadi dunƙule su zuba a albashi, ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba. Akwai kuma inda gwamnati ce ke sayen motar, ta ɗauki direba, ta riƙa cika tanki. Najeriya a takarda tana kan ta uku. A aikace kuwa ta haɗa ta uku da ta huɗu, ta ƙara da wata ta biyar da ba ta da suna a dokar albashi, wato kuɗin tafiyar da ofis.

Asalin tsarin dunƙulen ya samo tushe ne daga manufar da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003, ta mayar da alfarmomin ofis zuwa kuɗi. Kafin nan gwamnati ce ke saya wa manyan jami'ai motoci, ta biya direbobi, ta gyara, ta zuba mai, kuma kowa ya san irin ɓarnar da ake yi: motar gwamnati ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta kasuwa, ita ce ta zuwa ƙauye hutun ƙarshen mako. Sai aka ce a daina. A ba mutum kuɗi, ya sayi motarsa, ya kula da abarsa. Tunanin yana da kyau, domin wanda ke gyara mota da kuɗinsa ba ya barin direba ya yi mata hawan ƙawara. A kan wannan tunani RMAFC ta tsara cewa ɗan majalisar tarayya zai riƙa karɓar kashi 75 cikin ɗari na tsurar albashinsa na shekara a matsayin kuɗin mai da gyara, sannan yana iya karɓar rancen sayen mota da ya kai ninki huɗu na albashin, ya biya kafin ya sauka. Tsurar albashin sanata a shekara naira 2,026,400 ne. Kashi 75 na wannan ya kama naira 1,519,800, wanda in aka raba shi wata goma sha biyu zai ba da 126,650 ɗin nan. Rancen motar kuma ya kama naira miliyan takwas da 'yan kai.

Matsalar farko tana nan a fili. An ɗaure kuɗin mai da albashi, ba da farashin mai ba, kuma albashin tun 2007 da 2008 yake a inda yake. A farkon 2007 litar fetur naira 65 ce, wato alawus ɗin wata guda yana sayen kusan lita 1,950. Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 a wurare da dama, ya kai 617 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura naira 1,000 a Abuja. A kan naira dubu, alawus ɗin nan lita 126 kacal zai saya, ba a taɓa maganar taya ko canjin baƙin mai ba. Daga Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400. Babbar mota mai cin mai, irin wadda 'yan majalisa ke hawa, idan ta je ta dawo sau ɗaya ta lashe mafi yawan wannan kuɗi. Babu mai hankalin da zai yarda cewa da wannan adadi sanata yake zirga-zirgarsa ta wata guda. Adadin ya zama na takarda kawai, wanda ake fitowa da shi duk lokacin da jama'a suka yi ƙorafi.

Matsala ta biyu ita ce rashin adalci tsakanin su kansu 'yan majalisar. Sanatan Babban Birnin Tarayya, wanda mazaɓarsa ke kewaye da ginin majalisa, da sanatan Borno ta Arewa, wanda sai ya yi sama da kilomita 800 kafin ya isa Maiduguri sannan ya fara tunanin shiga ƙananan hukumominsa, kuɗin mansu ɗaya ne. Wanda ke zuwa gida duk mako da wanda mutanensa ba sa ganinsa sai a hoton allon talla, nan ma ɗaya ne. Tsarin dunƙule yana saka wa wanda ya zauna, domin duk litar da bai ƙona ba riba ce a aljihunsa, yana kuma hukunta wanda ya motsa.

To ina ainihin kuɗin man yake fitowa? Daga wancan kuɗin tafiyar da ofis. Sanata Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ne ya fara fasa ƙwan a watan Maris na 2018, lokacin da ya ce kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata da wannan suna, ban da albashi. Bayan shekara shida Kawu Sumaila ya ambaci miliyan 21. Wannan kuɗi ba ya cikin jadawalin RMAFC. Hukumar da kanta ta nuna cewa ba ita ta yanka shi ba. Yana fitowa ne daga kasafin Majalisar Tarayya, kuma a ƙa'ida kuɗin aiki ne da ake sa ran a kawo takardun yadda aka kashe shi. Sai dai takardun ba sa zuwa gaban jama'a. Mutumin Sumaila ko na Rano ba shi da inda zai shiga ya ga cewa a watan jiya wakilinsa ya kashe kaza a mai, ya je gari kaza, domin aiki kaza. Ga kuma sashe na 70 na tsarin mulkin 1999 da ya ce albashi da alawus na ɗan majalisar tarayya su ne waɗanda RMAFC ta ƙayyade. A 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a ƙarar da ƙungiyoyi masu sa ido kan kuɗin gwamnati irin su SERAP da BudgIT suke ciki, ta yanke cewa RMAFC ce kaɗai ke da wannan hurumi, ba hukumar kula da ma'aikatan majalisa ba. Amma muddin ana kiran kuɗin da sunan na ofis, ba alawus ba, yana zamewa ta gefen wannan hukunci.

Motar ma da aka ce gwamnati ta daina saya, ta dawo ta ƙofar baya da sunan motar aikin kwamiti. A 2008, zamanin Kakakin Majalisa Dimeji Bankole, an sayi Peugeot 407 guda 380 a kan kusan naira biliyan 2.3, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafi, aka sayo wa 'yan majalisa manyan motocin Toyota waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Hujjar da aka bayar ita ce hanyoyin ƙasar sun lalace, kuma motocin mallakar majalisa ne, na aikin sa ido. Ko da an karɓi hujjar, sai a tambaya: idan motar ta majalisa ce, me ya sa ake ci gaba da biyan alawus ɗin da aka ƙirƙiro domin maye gurbin motar gwamnati? Mutum ɗaya yana da damar rancen sayen mota, ga alawus na mai da gyara, ga motar kwamiti, ga kuɗin ofis da ake tafiye-tafiye da shi. Kowanne a kan kansa yana da hujja. Haɗuwarsu wuri guda ce ba ta da ita.

Ingila ta taɓa zama a irin wannan duhu, kuma yadda ta fita ya cancanci a duba. Har zuwa 2009, ofishin da ke cikin majalisar ne ke biyan 'yan majalisa kuɗaɗen da suka nema, wato su ke rubuta dokar, ma'aikatansu ke biya. Wata 'yar jarida, Heather Brooke, ta shafe shekaru tana neman takardun a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, majalisa tana turjiya har kotu ta ba da umarni a 2008. Kafin a saki takardun da aka tace, sai jaridar Daily Telegraph ta samu cikakkunsu, ta fara bugawa ranar 8 ga Mayun 2009. Abin da ya biyo baya ya girgiza ƙasar. Kakakin majalisa Michael Martin ya sauka, aka ɗaure wasu 'yan majalisa, wasu da dama ba su sake tsayawa takara ba. Cikin waɗanda aka ɗaure akwai Lord Taylor na Warwick, ɗan majalisar dattawa, wanda ya riƙa karɓar kuɗin tafiya da na kwana da sunan cewa gidansa yana Oxford, alhali a London yake zaune. Kuɗin ya ɗan haura fam 11,000, aka yanke masa ɗaurin shekara guda a 2011.

Daga wannan rikici aka kafa hukuma mai zaman kanta, IPSA, wadda ta fara aiki a 2010. Ga yadda ta tsara maganar mota. Ɗan majalisar da ya hau motarsa domin aiki ba ya kawo rasit ɗin mai. Yana rubuta inda ya tashi, inda ya je, da nisan, a biya shi a kan kowane mil. Farashin kuma ba 'yan majalisa suka yanka wa kansu ba: shi ne dai wanda hukumar harajin ƙasar ta amince wa duk ma'aikacin da ya yi wa kamfaninsa aiki da motarsa. Daga 2011 an tsayar da shi a kwabo 45 na kuɗinsu, ƙasa kaɗan da rabin fam, a kan kowane mil har zuwa mil 10,000 a shekara, daga nan ya sauka zuwa kwabo 25, kuma ya shafe sama da shekara goma a haka. Wannan kuɗi ya haɗa mai da inshora da tsufan mota, ba a sake neman wani abu a kansu. Ana biyan tafiya tsakanin mazaɓa da majalisa, da zagayen aiki a cikin mazaɓa. Ba a biyan zirga-zirgar yau da kullum daga gida zuwa ofis, domin kowane ma'aikaci shi ke ɗaukar nauyin wannan. Ba a biyan tafiyar jam'iyya ko ta yaƙin neman zaɓe. Sannan ana wallafa abin da kowa ya karɓa a intanet, da sunansa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne ɗaure ɗan majalisa da ma'aikaci a ma'auni guda. Idan mai ya yi tsada har kwabo 45 ya daina isa, ɗan majalisa yana jin zafin tare da ma'aikaciyar jinya mai zagaya gidajen marasa lafiya da motarta, kuma ba shi da hanyar gyara nasa sai ya gyara nata. A wajenmu akasin haka ne ya faru. Lokacin da mai ya ninka sau biyar, ma'aikacin da aka tsayar wa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a 2024 ya ajiye mota ya koma babur, mai babur ya koma ƙafa, shi kuwa kuɗin ofis ɗin sanata ya tashi ba tare da an zauna a bainar jama'a an yi muhawara a kansa ba. Har rage albashi da 'yan Majalisar Wakilai suka yi alkawari a watan Yulin 2024, na rabin albashinsu tsawon wata shida, bai taɓa wancan kuɗi ba.

Kada a ɗauka biyan mil ba a cutarsa. A Amurka an yi wani ɗan majalisa daga jihar Illinois, Aaron Schock, wanda ya nemi a biya shi kuɗin tafiyar kusan mil 170,000 a kan motarsa Chevrolet Tahoe, wani ɓangare daga gwamnati, wani daga asusun yaƙin zaɓensa. Da 'yan jarida suka duba takardar sayar da motar, sai suka ga mitar da ke ƙirga tafiyarta ba ta wuce wajen mil 80,000 ba. Ya sauka daga kujerarsa a watan Maris na 2015. Darasin da ke nan shi ne an iya kama shi, saboda akwai lamba biyu da kowa zai iya ajiyewa gefe da gefe: abin da ya nema, da abin da motar ta nuna. Tsarin da ake iya kama mai cuta a cikinsa ya fi wanda ba a taɓa kama kowa ba saboda babu abin da za a gwada da wani.

Wannan ne ma ya sa nake ganin rasit ɗin gidan mai shi ne mafi raunin hujja a ƙasa irin tamu. Rasit yana nuna cewa an sayi mai, ba ya nuna motar da aka zuba wa, ko inda ta nufa. Man da aka saya da sunan zagayen mazaɓa yana iya ƙarewa a janareton gida ko a motar uwargida. Kowa ya san kuma ba wuya a samu yaron gidan mai ya rubuta abin da aka ce ya rubuta. A ɗaya gefen, wakili mai gaskiya da ya shiga ƙauyen da babu gidan mai, ya sayi galan biyu a wurin 'yan bumburutu, ba shi da takardar da zai nuna. Ke nan rasit yana sauƙaƙa wa maƙaryaci, yana wahalar da mai gaskiya. Nisan gari da gari kuwa sananne ne. Ba wanda zai ce Abuja zuwa Zariya kilomita dubu ce a yarda da shi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin dokokin aikin gwamnatin tarayya sun daɗe da tanadin biyan ma'aikaci alawus a kan kilomita idan ya yi tafiyar aiki da motarsa.

Inda maganar ta fi wuya, kuma inda kwafo dokar Ingila kai tsaye ba zai yi ba, shi ne rabe tafiyar aiki da ta siyasa. A Ostareliya shugabar majalisar wakilai, Bronwyn Bishop, ta rasa kujerar shugabancin majalisar a 2015 saboda ta ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu da kuɗin gwamnati, sama da dala 5,000 na ƙasar, daga Melbourne zuwa Geelong domin taron tara wa jam'iyyarta kuɗi. A can layin a bayyane yake. A nan fa? Ɗan majalisa ya taso daga Abuja ranar Alhamis. Juma'a da safe ya je ta'aziyyar mai unguwa, bayan masallaci ya halarci ɗaurin auren 'yar shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, da yamma ya tsaya ya duba rijiyar burtsatsen da aka haƙa da sunan aikin mazaɓa, da dare ya zauna da dattawa suna kawo kukan rashin taki. Wanne ne aiki a ciki? A wurin ta'aziyyar nan aka gaya masa cewa gadar garin ta karye. A wurin ɗaurin auren nan kuma kujerarsa yake gyarawa. Mutanenmu ba sa zuwa ofishin mazaɓa da takarda a hannu kamar yadda ake yi a Turai. A zaure da wurin zaman makoki ake isar da koke. Duk dokar da ta ce zaman makoki ba aiki ba ne, ba ta san yadda ake wakilci a nan ba. Wadda kuma ta ce duk inda ɗan majalisa ya sa ƙafa aiki ne, ta mayar da baitulmali asusun kamfen na wanda ke kan kujera, ta danne wanda zai ƙalubalance shi da man aljihunsa.

Ni a ganina ba sai an tsaya tantance kowace ta'aziyya ba. A biya tafiya daga Abuja zuwa mazaɓa da komowa a kan kilomita, da iyakar sau nawa a shekara. A ƙara wani adadi na kilomita domin zagaye a cikin mazaɓa, gwargwadon faɗinta, ta yadda wakilin Toro a Bauchi, ƙaramar hukuma mai girman gaske, ba zai zama daidai da na Fagge a tsakiyar Kano ba. Abin da ya yi da wannan kilomita tsakaninsa da mutanensa ne, matuƙar ya rubuta inda ya je. Amma a toshe ƙofa biyu gaba ɗaya: taron jam'iyya kowane iri, da duk wata tafiya daga ranar da INEC ta buɗe yaƙin neman zaɓe har a kaɗa ƙuri'a. Kuma mota ɗaya ake biya wa. Wanda ya ga dama ya tafi da ayarin mota goma, da 'yan rakiya da masu kiɗa, tara ɗin nasa ne. Shugaban ƙasa da kansa ya taƙaita wa ministoci ayarinsu zuwa mota uku a watan Oktoban 2024, wanda ke nuna cewa gwamnati ta san yawan motocin shi ne babban ramin da mai ke zurarewa.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu, mu masu zaɓe, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan ɗan majalisa ranar da ya zo gari ya ga yadda ake sallama. Wannan a ba shi na mota, wancan na mai, ƙungiyar matasa ta zo gaisuwa da motar haya a biya mata, mai takardar asibiti yana jira a gefe. Wani kaso na kuɗin da ake kira na ofis a nan yake ƙarewa, kuma 'yan majalisar da kansu sukan kafa hujja da hakan idan aka matsa musu. Ban raina buƙatar waɗanda ke zuwa ba. Talauci ne ya kawo su, da rashin asibiti da makarantar da za su wadatar. Amma kuɗin gwamnati da ake rabawa a zaure bisa ga wanda ya samu shiga, ba tare da rubutu ba, yana sayen biyayya ne, kuma yana ba wanda ya cinye rabin kuɗin mafaka ɗaya da wanda ya rabar da shi duka. Idan aka fitar da kuɗin tafiya daga cikin dunƙulen aka ajiye shi a fili, aƙalla an rage abin da za a ɓuya a bayansa.

Za a ce wallafa tafiye-tafiyen ɗan majalisa hatsari ne a ƙasar da ake tare hanya ana sace mutane. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya san abin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama a shekarun baya ba zai yi wasa da ita ba. Ko a Ingila, bayan kisan ɗan majalisa David Amess a wurin ganawa da mutanen mazaɓarsa a watan Oktoban 2021, an sake duba irin bayanan da ake fitarwa. Sai dai maganin ba shi ne a rufe komai ba. Ana iya jinkirta wallafawa wata uku ko shida, a cire rana da sa'a, a bar sunan ƙaramar hukuma da jimillar kilomita da kuɗin da aka biya. Cikakken bayanin kuma ya tafi ga Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Ɗan fashi ba ya amfana da sanin cewa wakili ya je Gwarzo sau biyu a watannin baya. Mutumin Gwarzo kuwa zai iya cewa ya zo ko bai zo ba, kuma babu oditan da ya kai shi sanin wannan.

Abu mafi nauyi shi ne wa zai yanka farashin, wa kuma zai biya. Idan majalisa ce za ta ci gaba da rubuta wa kanta ƙa'ida, ma'aikatan da ke ƙarƙashinta su duba takardun shugabanninsu, to ko an koma kilomita ba abin da zai canja. Mu ba ma buƙatar ƙirƙiro sabuwar hukuma kamar yadda Ingila ta yi, ko Ostareliya da ta kafa tata a 2017. RMAFC tana nan, tsarin mulki ya ba ta hurumin, kotu ta tabbatar mata. A 2025 ta sanar cewa za ta sake duba albashin masu muƙaman siyasa, jama'a suka yi ca a kanta, kuma ina fahimtar fushin. Amma barin adadin 2008 a takarda bai rage wa baitulmali ko kwabo ba. Ya dai tura kashe kuɗin zuwa inda ba a gani. Na gwammace a ce mini kuɗin tafiyar sanatan Borno ta Arewa ya kai miliyan ɗaya ko fiye a wata, ga kilomitarsa, ga garuruwan, da a ci gaba da nuna mini 126,650 alhali miliyan 21 tana wucewa ta gefe.

Sharaɗin shi ne gyaran ya zo a haɗe. Ranar da aka fara biyan kilomita, ranar za a soke kashi 75 ɗin nan daga albashi, a cire kason tafiye-tafiye daga kuɗin ofis, kuma wanda ya karɓi motar kwamiti a rage masa farashin kilomita zuwa na mai zalla, tunda ba motarsa ce ke tsufa ba. In ba haka ba, sabon tsarin zai zama ƙofa ta biyar a kan huɗun da ake da su. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta riga ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa Akawun Majalisar Tarayya ya nemi takardun yadda aka kashe kuɗin ofis na wakilinsa, kuma doka ta ba ofishin kwana bakwai ya amsa. Majalisun jihohi 36, da kansilolin ƙananan hukumomi 774, su ma suna da nasu kuɗin mai da nasu motocin, kuma tambayar da za a yi musu ita ce dai wannan: kilomita nawa, zuwa ina, a kan nawa.